Yadda Hakimai Suka Bar Birni Suka Koma Gunduma

 A ajin tarihi an karantar da mu cewa Turawa sun mulki Arewa ta hannun sarakuna. Haka ne. Amma ni a ganina, sarautar da suka yi aiki da ita sai da suka sake mata fasali, kuma Kano ta ishe mu misali.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903, suka naɗa Abbas a gadon Sarki Alu. A lokacin manyan hakimai a birni suke zaune, kusa da fada. Garuruwan kowane hakimi a warwatse suke, wani gabas wani yamma, jakadunsa ne ke zuwa su karɓo kuɗin ƙasa da jangali. Kafin kuɗin su iso birni, kowane hannu ya ɗan taɓa.

Wannan tsari bai yi wa Turawa ba, don su lissafi suke so a rubuce. Wajen 1907 zuwa 1908, Razdan Cargill ya harhaɗa garuruwan da ke maƙwabtaka suka zama gundumomi, aka umarci kowane hakimi ya tattara ya koma ƙasarsa da zama, aka kuma kawar da jakadu. Shi ya sa Kanawa suka laƙaba masa suna Mai Gunduma. Daga nan umarni ya riƙa sauka daga Razdan zuwa Sarki, zuwa hakimi, zuwa dagaci, har mai unguwa, haraji kuwa ya hau ta wannan tsani.

Sai kuma Baitulmali, wanda aka fara a Katsina zamanin Palmer. Kason da aka bar wa En'e ya shiga asusu, Sarki da hakimai da alƙalai suka koma cin albashi. Wanda ke biyanka kuwa, shi ke iya tuɓe ka.

En'e ta daɗe bayan tafiyar Turawa a 1960, sai gyaran 1976 ya maye gurbinta da ƙananan hukumomi. Da yawa daga cikin hedkwatocinsu garuruwan hakiman nan ne. Don haka ina roƙon 'yan uwa, kowa ya tambayi dattawan garinsu yaushe hakimi ya fara zama a can, ya rubuta, ya aiko wa wannan mujalla tamu tun masu sanin suna raye.