Goge karcen fentin mota da inji

Goge karcen fentin mota da inji hanya ce ta kawar da siraran karce masu kama da saƙar gizo-gizo, waɗanda ake gani idan rana ta haska mota. Galibi share ƙura da busasshen tsumma ke jawo su.

Injin ba ya cike karcen, kankare shafin sama mara launi yake yi har ya daidaita. Kaurin shafin kusan maikiron 35 zuwa 50 ne, kuma kowace gogewa tana rage shi.

A gida, ana wanke motar tukuna, sannan a goge kaɗan-kaɗan a inuwa da soso da man gogewa. Idan injin ya daɗe wuri guda yakan ƙona fenti, musamman a gefuna. Karcen da farce ke maƙalewa ciki kuwa, sai mai fenti.