Don McCullin da iyakar shaidar kyamara

An haifi mai ɗaukar hoto Don McCullin a 1935 a Landan, ya tashi a Finsbury Park, unguwar talakawa. Hoton da ya ɗauka na wasu 'yan daba na unguwarsu, wanda jaridar Observer ta buga a 1959, shi ya buɗe masa ƙofa. Daga 1966 zuwa 1984 ya yi wa mujallar Sunday Times aiki a fagagen yaƙi: Biyetnam, Kambodiya, inda kyamararsa ƙirar Nikon ta tare harsashin da ya nufo shi a 1970, da Beirut.

Aikinsa na Biyafara ne ya fi shafar mu. A 1969 ya ɗauki hoton wani yaro zabiya, yunwa ta tsotse shi, yana riƙe da gwangwanin nama wanda babu komai a ciki. Duk mai cewa wannan farfaganda ce kawai bai yi wa yaron adalci ba. Yunwar gaskiya ce, datse hanyoyin abinci ne ya jawo ta, kuma McCullin ya sha faɗin cewa yaron bai daina damun zuciyarsa ba.

Sai dai mai ɗaukar hoto yana ganin inda aka ba shi damar tsayawa ne. Gwamnatin Ojukwu, shugaban Biyafara, ta ɗauki kamfanin Markpress da ke Suwizalan don ya isar da labarinta ga Turai, kuma ta san tasirin hoton yaro mai yunwa. Saboda haka abin da Turawa suka riƙe daga yaƙin basasar 1967 zuwa 1970 shi ne ƙasusuwan yara. Kisan da sojojin tarayya suka yi wa fararen hula a Asaba a Oktoban 1967 bai sami irin wannan shaida ba, ya shafe shekaru a rufe. Haka ma wahalar ƙananan ƙabilun yankin da yaƙin ya rutsa da su.

Ra'ayina shi ne masanin tarihi ya karɓi hoton McCullin yadda alƙali ke karɓar mai shaida na ƙwarai: a yarda da abin da idonsa ya gani, sannan a tambayi wanda ya kai shi wurin. Ko ƙasarsa ta gane tasirin inda aka kai mai ɗaukar hoto: a 1982 hukumomin Birtaniya ba su ba shi izinin bin sojojinsu zuwa yaƙin Falklands ba.