Ƙararrawar gas a gida: aikinta da inda ake maƙala ta

Ƙararrawar gas ƙaramar na'ura ce da ake maƙalawa a bangon madafi. Tana auna iskar ɗaki dare da rana, da zarar gas ya fara yoyo sai ta yi ƙara tun bai taru ya kai ga kama wuta ba. Amfaninta ya rataya a kan abu guda: a san irin gas ɗin da ke gidan, domin shi ke nuna inda za a ɗaura ta.

Gas iri biyu ne

Na farko shi ne gas na bututu, wanda ake jawowa har cikin gidaje kamar ruwan famfo a ƙasashe irin su Masar da Aljeriya da Ingila. Mafi yawansa sinadarin mitan ne, bai kai iska nauyi ba, don haka in ya tsere sama yake yi ya taru a ƙarƙashin rufi. Yana kama wuta idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar ɗaki.

Na biyu shi ne gas na tukunya, wato butan ko furofan, wanda aka fi girki da shi a Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi. A Nijar, matatar Zinder da aka buɗe a 2011 tana samar da shi. Wannan ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya bi lungu da kwata, kuma kimanin kashi 2 cikin 100 ya isa ya tashi.

Me ya sa hanci bai isa ba

Asalin gas ba shi da wari. Warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, kamfanoni ne ke zuba wani sinadari domin a gane yoyo. A ranar 18 ga Maris 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka, ya fashe, mutane kusan 300 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Bayan nan ne jihar ta kafa dokar sanya wa gas wari, wasu wurare suka bi sahu. To amma mai barci ba ya jin wari, haka mai mura, kuma tsofaffi da yawa jin warinsu ya yi rauni. A lokacin hunturu, da ake rufe ƙofofi da tagogi, hatsarin ya fi yawa.

Inda ake maƙala ta

Idan gas na bututu ne, a ɗaura ta sama, kimanin santimita 30 daga rufi. Idan na tukunya ne, a sa ta ƙasa, kimanin santimita 30 daga daɓe. Wanda ya juya wannan ƙa'ida, ƙararrawarsa za ta yi shiru har ɗaki ya kusa cika. Ɗalibanmu da ke haya a Alƙahira su lura da wannan, domin abin da suka saba da shi a gida ya bambanta. A bar tazarar mita 1 zuwa 4 tsakaninta da murhu, kada ta kasance a bakin taga ko bayan kabad. A duba kwalinta kafin a saya, a ga irin gas ɗin da take ganewa. Ƙararrawar hayaƙi daban ce, haka ma mai gane gubar da gawayi da janareto ke fitarwa. Inda ake yawan ɗauke wuta, a nemi mai batir a ciki.

A riƙa danna maɓallin gwaji sau ɗaya a wata. Turaren fesawa da maganin sauro kan sa ta yi ƙara ba dalili, don haka kada a fesa su kusa da ita. Yawancinsu kan yi kimanin shekara 5 kafin su gaji, sai a duba kwanan watan da ke jikinta.

Idan ta yi ƙara

Kada a kyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki ko don kashewa ne, domin tartsatsi kaɗan ya isa. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da kowa. Sai an fita waje sannan a buga waya ga 'yan kwana-kwana: lamba 18 a Nijar, 192 a Ghana, 118 a Kamaru. Wajen neman inda ke yoyo, a shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗarsa, inda kumfa ta taso nan ne. Tiyon da ya tsage a canja shi, ba a ɗaure shi da leda.

Wannan ya shafi makarantun kwana da ɗakunan girkin masallatai, inda ake ajiye tukwane da yawa wuri ɗaya. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu.