Mas'alar Kuɗin Soja Tsakanin Landan da Hong Kong

Duk wanda ya bi diddigin jayayyar da aka daɗe ana yi tsakanin gwamnatin Ingila da Hong Kong a kan sojojin da aka girke a can, zai tarar cewa abin da ke cikin baitulmali shi ne yake ƙayyade yawansu, ƙarfin abokin gaba kuwa sai daga baya ake kawo shi hujja. Tun 1865 aka ɗora wa tsibirin fam 20,000 a shekara, aka ninka a 1890, sa'an nan daga 1901 aka mayar da abin kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga. Wannan ƙa'ida ce Gwamna Lugga ya tarar sa'ad da ya riƙi Hong Kong daga 1907 zuwa 1912, bayan barinsa Arewacin Nijeriya.

Amma inda mas'alar ta fi fitowa fili shi ne 1975, lokacin da gwamnatin Harold Wilson, saboda ƙuncin tattalin arziki, ta ƙudura rage kuɗin tsaro. Hujjar Landan ita ce, tun da ba mai hankalin da zai yi zaton 'yan bataliyoyi za su tare rundunar Sin, amfanin sojan bai wuce kwantar da tarzoma irin wadda aka yi a Hong Kong a 1967, da tsare iyaka, da sanya natsuwa a zukatan attajirai ba, alhali kuwa duk wannan maslahar mazauna garin ce. Wakilan majalisar dokokin Hong Kong waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba suka ce a'a, kare ƙasa wajibi ne a kan wanda ya kafa tutarsa a cikinta. Gwamna MacLehose ya tsaya tsaka mai wuya, domin bawan Sarauniya ne, amma sai kwamitin kuɗi na majalisar ya amince kafin a fitar da ko sisi.

Sulhun da aka yi ciniki ne tsantsa, na a rage kaya a rage kuɗi: aka bar bataliya huɗu, uku daga ciki 'yan Gurka na Nepal waɗanda riƙonsu ya fi araha, Hong Kong kuma ta ɗauki rabin nauyin daga 1976, sai kashi 62.5, sai kashi 75. Ba a daɗe ba masu ƙetarowa daga Sin ba bisa izini ba suka yi yawa, dole aka ƙara bataliya ta biyar, wanda ya nuna lissafin farko na aljihu ne.

A ganina hujjar Landan tana da ƙarfi ta fuskar amfani, amma ta raunana ta fuskar adalci, domin jama'ar da aka biya da harajinsu ba su da zaɓaɓɓen wakili ko ɗaya a majalisar sai 1985, kuma ikon ba sojan umarni bai taɓa barin hannun Ingila ba. A 1988 aka sauke rabon Hong Kong zuwa kashi 65, haka ta ci gaba da biya har aka miƙa ta ga Sin a 1997.