Layin Nan Mai Hawa Da Sauka A Kwamfuta: Daga Ina Ya Fito, Me Yake Faɗa?



Bayan rashin wuta da tsadar data, kukan da ya fi yawa a tsakaninmu shi ne kwamfuta ta yi nauyi. Mutum na tsakiyar babi, ya danna harafi, sai ya ƙirga uku kafin ya fito. Da yawanmu mun san a danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager ya buɗe, a shiga Performance, a tarar da wani layi yana hawa da sauka a ƙarƙashin CPU, wato furosesa, ɗan guntun da ke yin duk lissafin kwamfuta. Sai mu zuba masa ido kamar takardar gwajin asibiti: ga lamba nan, amma ta lafiya ce ko ta ciwo, oho. Layin nan a asali abu ɗaya yake aunawa, lokaci. Ba ƙarfin kwamfuta ba, ba tsufanta ba. Dalilin da ya sa lokaci ake aunawa kuwa yana cikin tarihin da ya haura shekara 60.

Mu ɗauki injin niƙa, tunda babu unguwar da ba shi, daga cikin garin Kafur har Masari da Gozaki da Mahuta. Injin da aka tayar, ko dai yana cin hatsi ko yana juyi a banza. Idan cikin awa guda minti 15 ya yi yana niƙa, sauran yana jiran a kawo, to kashi 25 cikin 100 na lokacinsa ya yi aiki. Ba a ce da rubu'in ƙarfinsa ya niƙa ba. Haka furosesa yake. In ka ga kashi 30, ma'anarsa a daƙiƙar da ta wuce, kashi 30 na lokacin yana da abin yi, kashi 70 yana zaune.

To wa ya damu da ƙirga zaman banzan inji? Wanda ke biyan kuɗin haya.

Kwamfutar ENIAC da aka nuna wa duniya a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a watan Fabrairun 1946 ta cika ɗaki guda, da ƙwayayen lantarki kusan 18,000 a cikinta. Waɗanda suka biyo bayanta a shekarun 1950 ma ba na mutum ɗaya ba ne, na gwamnati ne da jami'o'i da manyan kamfanoni. Mai buƙata zai rubuta aikinsa a kan katuna masu huji, ya miƙa wa ma'aikaci, ya tafi, sai an kai kansa a layi. Irin wannan tsari na kawo kati a dawo gobe shi ɗaliban farko na jami'o'inmu suka tarar, har da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda cibiyar kwamfutarta ke ɗauke da sunan masanin lissafi Farfesa Iya Abubakar. Kamfanin IBM kuwa galibi haya yake bayar da injinansa, kuɗin wata yana ɗaukar awa 176, abin da ya ɗara sai an ƙara biya. Shi ya sa a jikin System/360 da ya fito a 1964 akwai mita mai ƙirga awannin aiki, akwai kuma wata fitila da aka rubuta wa Wait, wadda ke kamawa duk lokacin da furosesa ya zauna jira. Fitilar nan ita ce kakar layin da muke kallo yau. Shugaban cibiya in ya ga ta daɗe a kunne, ransa ɓaci yake yi, don kuɗi ne ke zuba a ƙasa. A wancan zamani kashi 100 abin alfahari ne. Mu ne yanzu muke ganinsa mu firgita.

Ɓarnar ta fi yawa idan aka bar mutum ɗaya ya zauna gaban injin, domin ɗan Adam yana da jinkiri. Kafin ya gama sosa kai ya danna harafi na gaba, injin zai iya gama aikin mutum goma. Daga nan dabarar rabon lokaci ta fito. John McCarthy ya kawo shawararta a jami'ar MIT a 1959, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka nuna ta a aikace a watan Nuwamban 1961 da tsarin da suka kira CTSS. A yanka daƙiƙa gunduwa-gunduwa, a ba wannan kaɗan, a ba wancan kaɗan, da saurin da kowa zai ɗauka shi kaɗai ake yi wa aiki. Da zarar an fara rabo kuwa, dole a buɗe littafin lissafi: wa ya ci nawa, nawa ya rage. Har gobe kwamfutar da ke kan cinyarka haka take yi. Bambancin kawai, masu layin yanzu ba mutane ba ne, manhajoji ne: Word, da Chrome mai shafi 20 a buɗe, da mai farautar bairos, da wasu ɗaruruwa da ba ka san da zamansu ba.

Mutanen wancan lokaci sun lura da wani abu da har yau yake ruɗa mu. Sanin cewa injin niƙa bai huta ba tun safe bai gaya maka kwano nawa ke jere a ƙasa ba. Yana iya zama yana gama na wannan na gaba na isowa, yana iya zama layi ya kai bakin titi. Duk biyun kashi 100 ne. Sai masu tsarin TENEX na kamfanin BBN suka fito da awo na biyu, matsakaicin tsawon layi, har akwai rahoton da aka fitar a 1973 ɗauke da zanen awon watan Yuli na shekarar. Tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs a 1969, ya gaji dabarar daga baya, da lambobi uku: layin minti 1, na minti 5, na minti 15. A 1984 William LeFebvre ya rubuta 'yar manhajar top, mai jera manhajoji daga wadda ta fi cin lokaci zuwa ƙasa. Wanda ya taɓa Linux a ajin difloma ya san ta.

Wanda muka fi sani, Task Manager, wani ma'aikacin Microsoft mai suna David Plummer ne ya fara rubuta shi a gida, a lokacin hutunsa, kafin kamfanin ya saka shi cikin Windows NT 4.0 a 1996. Koren layi a kan baƙin allo. A ƙasarmu ta noma bai zama sananne ba sai da Windows XP ta 2001 ta cika shagunan buga takardu da kafe-kafe na Funtua da Malumfashi, a shekarun da wayar salula ta shigo. Da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, sai yaran ƙauyukanmu ma suka fara zama gaban allo. Amma an koya mana danna Task Manager ne don kashe manhajar da ta maƙale, ba wanda ya tsaya ya karanta mana zanen.

Shi ya sa aka daɗe ana zargin wani bawan Allah da bai ci ba bai sha ba, wai shi System Idle Process. Mutum zai buɗe jerin ya ga yana cin kashi 95, ya rantse bairos ne, ya yi ta ƙoƙarin kashe shi, ya ƙi mutuwa. Alhali shi ne zaman banzan da kansa. Tsarin Windows bai yarda a bar gurbi a littafin lissafi ba, sai ya ba hutun suna. A hanyar da aka daɗe ana bi, agogon cikin kwamfuta kan leƙo sau 64 a daƙiƙa ya ga wa ke kan injin, ya rubuta. Abin da hutu ya ci a cire shi daga 100, saura shi ne layin da kake gani. Kashi 95 a wurinsa albishir ne.

A nan labarin ya ɗan rikice, kuma nan ne ya fi shafar aljihunmu. Furosesan Intel 4004 na 1971 yana bugawa sau 740,000 a daƙiƙa. Shekara 30 ana ta ƙara gudu, har Pentium 4 ya kai bugu biliyan 3.8, zafi ya ce a tsaya nan. Sai kamfanoni suka sauya dabara: maimakon inji ɗaya mai tsananin gudu, a girka biyu ko huɗu a rumfa ɗaya. A 2005 Intel da AMD suka fitar da masu kai biyu na kwamfutar gida. Matsalar ita ce zanen yana haɗa su duka ya ba ka matsakaici. Akwai ayyukan da ba sa rabuwa, kai ɗaya kawai ke iya ɗaukarsu. In littafinka mai shafi 400 da hotuna ya danne ɗaya cikin huɗu, sauran ukun na hamma, zanen zai nuna kashi 25, Word kuwa ta sandare. Ka ce ai furosesa ba ya komai, alhali wanda ke riƙe da aikinka numfashi ma ba ya yi. Maganin ganin haka, a danna gefen dama na linzami a kan zanen, a zaɓi Logical processors, sai ya rabu gida-gida, kowane kai da layinsa.

Akwai kuma akasin haka, wanda a ganinmu shi ne ciwon yawancin tokumbon da ke hannun marubuta. Furosesa na kashi 10, kwamfuta kuwa kamar jaki a cikin laka. Injin lafiya lau yake, hatsi ne bai iso ba. Tun gyaran da aka yi wa Task Manager a Windows 8 a 2012, akwai zanen Memory da na Disk a ƙarƙashin na CPU. Idan RAM ɗinka 4GB ce ta cika, kwamfuta kan riƙa sauke kaya a kan faifan ajiya tana ɗaukowa, tsohon faifai mai juyi kuwa, irin mai zagaye 5,400 a minti, ba ya iya wannan jigila. Sai ka ga Disk ya liƙe a kashi 100. Mai wannan matsala ba sabuwar kwamfuta yake buƙata ba, ƙarin RAM ne ko faifan SSD. Mun sha ganin an kaɗar da buhunan masara da kaka, lokacin da farashi ke ƙasa, an sayi wata, alhali gyaran da bai kai rabin kuɗin ba ya isa. Ko shi kansa kashi 100 na furosesan ba duka ne aiki ba. Injiniya Brendan Gregg, lokacin yana Netflix, ya yi rubutu a 2017 yana nuna cewa babban ɓangare na abin da ake ƙirgawa aiki, jiran saƙo ne daga RAM.

Sai wata lamba da ke ƙasan zanen, wadda ba a cika kula ta ba: Speed. Furosesan zamani yana rage gudunsa da kansa in ba aiki, ko in ana kan batir, ko in ya yi zafi. Yawancinsu da sun doshi digiri 100 sai su ja birki don kada su ƙone. Ku tuna inda muke. Ƙurar hunturu ta shiga ta toshe fanka tun Disamba, zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da ita a haka, mu kuma mun ɗora kwamfutar a kan katifa mun rufe mata hanci. Wadda aka rubuta wa 2.4 sai ka ga tana tafiya a 0.8. Wasu kwamfutocin ma caja mara kyau kan sa su yi haka. A hure fanka, a sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, a ɗora ta kan tebur.

Saboda haka siffar layin ta fi lambar magana. Tsalle zuwa sama ya dawo lokacin buɗe manhaja, lafiya ce. Ya hau 100 ya zauna yayin da kake mayar da littafi PDF ko haɗa bidiyon tallarsa, wannan ma daidai ne, don haka aka sayi injin. A nan ne ake asarar rubutu: mutum ya ga allo ya tsaya, ya danne maɓallin kashewa, alhali zanen na nuna aiki ake yi, minti biyu kawai ake nema. Wanda ke rige-rigen tura labari gasar Hikayata a daren ƙarshe ya san zafin wannan. Abin tuhuma shi ne layin da ke zaune a kashi 60 ko 80 alhali ka rufe komai, ba a kuma sabunta Windows. Tsakanin 2017 da 2019 wata manhaja mai suna Coinhive ta sa shafukan intanet da dama suna haƙar kuɗin kirifto da furosesan masu ziyara, galibi ba da saninsu ba, kuma irinta na nan a cikin fasassun manhajojin da muke kwafa daga filashi zuwa filashi. A shiga Processes, a danna kan CPU, mai cin lokacin zai hau sama da sunansa.

Ga wanda ke shirin zuwa Funtua ko titin Beirut a Kano da kuɗin amfanin gona, ya buɗe zanen kafin ya ƙirga kuɗi. Ya bar kwamfutar minti biyar ba a taɓa ba, ya ga ko layin ya kwanta. Ya kunna bidiyo mai nauyi na minti goma yana kallon Speed, ya zare caja ya sake kallo. Sannan ya karanta sunan furosesan da ke saman zanen, ba takardar da aka liƙa a jiki ba. A suna irin i5-6300U, lambar 6 ta farko ita ce zubin, wato na shida. Windows 11 daga zubi na takwas take karɓa a hukumance, ita kuwa Windows 10 Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoban 2025.