Dorugu: Yaron da Bauta Ta Kai Shi Landan

Idan ana zancen waɗanda suka fara ba da tarihin rayuwarsu da Hausa, hankali kan tafi ga sarakuna da manyan malamai. Amma ɗaya daga cikin na farko-farko bawa ne, ɗan talakawa daga ƙauyen Dambanas da ke kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Sunansa Dorugu.

An haife shi wajen 1840. Tun yana ƙarami mahara suka kama shi, aka raba shi da danginsa, ya yi ta sauya iyayengiji har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Barno a wancan zamani. A nan ne Bajamushen matafiyi Adolf Overweg ya fanshe shi, ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaron ya koma hannun Heinrich Barth, wanda mutanen yankin suka sani da Abdulkarim. Ya bi shi har Timbuktu, suka ƙetare Sahara, suka isa Ingila a 1855 tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega.

A can ne wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya zaunar da shi yana rubuta abin da yake faɗa. Abin da ya fi ɗaukar hankali a labarin shi ne yadda Dorugu ke zayyana wahala ba tare da neman a tausaya masa ba. Yunwa da cinikin mutane da doguwar tafiya, duk ya faɗe su kai tsaye, kamar mai ba da labarin kasuwa. Da ya zo kan Turawa kuwa, sai ya zuba musu ido shi ma, yana bayanin yadda suke zaman cin abinci. Wanda aka saba kallo ya zama mai kallo.

Labarin ya fito a littafin Magana Hausa a 1885, amma sunan Schön ne a bango. Wannan rashin adalci ne, ko da kuwa al'adar zamanin ce. Sai a 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da shi da Ingilishi.

Dorugu ya dawo gida, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano. Ya rasu a 1912.