Kan Sarkin Arewa: Na Gaske Ko Jabu?

Daga 1900 zuwa haɗewar 1914, Arewacin Najeriya na da nata kan sarki, bugun kamfanin De La Rue na Landan. Na fam 25 na 1904 kuwa, yau sai wane da wane ke iya sayensa, kuma inda kuɗi yake, nan ɗan jabu yake. To yaya za ka gane na gaske? Ɗaga shi a haske, ka nemi kambi da haruffan CA a jikin takardar. Ƙirga haƙoran gefensa, 14 ne a santimita 2. In kuwa manne da tsohuwar ambulan ka same shi a adakar kaka a Birnin Kebbi ko Argungu, kar ka ɓanɓare. Hatimin gidan waya, mai gari da kwanan wata, shi ne babban shaidarka.